Yadda za ka karanta jadawalin da aka kawo kotu ba tare da idonka ya yaudare ka ba

Idan lauya ya miƙe a kotu ya ɗaga wata faffaɗar takarda mai sanduna da layuka kala-kala, ko ya haska ta a bango da furojekta, sai kaga mutanen da tun safe suke hamma saboda dogon turanci kowa ya gyara zama, alƙali ya ɗago kai, 'yan jarida sun ajiye waya. Ana iya shafe watanni ana sauraron shaidu amma abin da zai zauna daram a kan mutane shi ne wannan hoton da aka nuna na minti biyu. Gani ya kori ji, kuma wanda ya zana jadawalin ya san da haka sarai.

Toh abu na farko da nake so ya zauna maka, ko kai sabon lauya ne, ko ɗan jarida mai ɗauko rahoton kotu, ko kuwa ɗan uwanka ne ke tsaye a akwatin wanda ake tuhuma, jadawali ba shi ne shaidar ba. Shaidar tana can cikin sitatimen na banki, ko rajistar aiki ta asibiti, ko bayanan kira da kamfanin waya ya bayar, ko takardun sakamakon zaɓe. Jadawali kuwa mutum ne ya zauna gaban kwamfuta ya zaɓi abin da zai shiga da abin da zai bari a waje, ya zaɓi inda ƙirga zai fara da inda zai tsaya, ya zaɓi wa za a yi wa jan launi, kuma mutumin nan akwai ɓangaren da ya sa shi aikin. Ba sai ya yi ƙarya ba fa, duk lambar da ke jiki tana iya zama daidai amma hoton ya faɗa maka abin da lambobin ba su faɗa ba, kuma irin wannan ya fi ƙarya tsagwaronta wuyar kamawa. An ɗaure mutane shekaru a kan irin wannan, shi ya sa abin yake damuna.

Fara da gefe, kar ka fara da tsakiya

Ka sa tafin hannunka ka rufe zanen gaba ɗaya, ka bar lambobin da ke layin tsaye na hagu da rubutun da ke layin kwance na ƙasa kawai. Su za ka fara karantawa. Daga nawa aka fara ƙirga? In zanen sanduna ne kuma ba daga sifili aka fara ba, to ka ja birki a nan.

Ga misali mai sauƙi. A ce ana zargin wani ma'aikaci da cewa kuɗin da ofishinsa ke kashewa sun yi tashin gwauron zabi, bara naira miliyan 96, bana miliyan 100. Bambancin kusan kashi 4 ne cikin 100, abin da tsadar kaya kaɗai za ta iya kawowa. Amma in mai zane ya fara ƙirga daga miliyan 94, sandar bara za ta zama tsawon taki 2, ta bana taki 6, wato ido zai ga ta bana ta ninka ta bara sau uku. Babu lambar da aka canza, an dai sare gindin sandunan ne. Kuma kar ka ce ai an rubuta 94 a gefe duk mai ido zai gani, a shekarar 2020 wasu masu bincike, Michael Correll da Enrico Bertini da Steven Franconeri, sun gwada mutane da irin wannan zanen suka tarar ko an sa alamar da ke nuna cewa an gutsure layin, mutane suna ci gaba da jin bambancin ya fi yadda yake girma. Ido ya riga ya yanke hukunci kafin ƙwaƙwalwa ta karanta ƙananan rubutu.

Zanen layi shi ba dole ne ya fara daga sifili ba, wani lokacin ma bai kamata ba, in zafin jikin majinyaci ake nunawa ba wanda zai fara daga sifili. Amma nan ma ka duba, domin in aka matse zanen ta gefe aka ja shi sama ƙaramin tashi sai ya zama kamar hawan dutse, in aka baje shi kuma babban tashi sai ya kwanta kamar ba komai.

Ka kuma tabbatar lambobin sama suke tafiya ba ƙasa ba. Wannan kamar wasa amma ya faru, a 2014 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya fitar da zanen kashe-kashen bindiga a jihar Florida ta Amurka, aka sa sifili a sama manyan lambobi a ƙasa, duk wanda ya kalla sai ya ga kamar kisa ya ragu bayan dokar kare kai da aka kafa a 2005 alhali ƙaruwa ya yi. Ba a kotu aka yi wannan ba, amma manhajar da ke kwamfutar mai shaida ita ma tana iya zana irin wancan.

In kuma ka ga layi biyu a zane ɗaya, ɗaya ana karanta shi da lambobin hagu ɗaya da lambobin dama, to ka sani mai zane yana da ikon sa su haɗu ko su rabu ko su tafi tare a duk inda ya ga dama, gyara ma'aunin gefe ɗaya kawai zai yi. Irin wannan ka nemi a raba maka su gida biyu.

Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima, gaskiya ne, sai dai kimar tasa ba ɗaya ba ce a kowane irin zane. Tun 1984 William Cleveland da Robert McGill suka auna wannan, suka nuna ido ya fi iya kwatanta abubuwan da aka jera kan ma'auni ɗaya, sannan tsawo, in aka zo kan kusurwa da faɗin fili da kaurin launi kuwa sai kuskure ya yawaita. Saboda haka duk lokacin da aka kawo maka da'ira da aka yayyanka, ko ƙwallaye manya da ƙanana, ko hoton buhun kuɗi babba da ƙarami, ka yi hattara. In kuɗi ya ninka biyu sai mai zane ya ninka tsawon buhun biyu faɗinsa ma biyu, filin da buhun ya ci a takarda ya ninka huɗu kenan. Zane-zanen da ake karkatawa su yi kamar suna da kauri su ma haka, yankin da ke kusa da kai kullum ya fi kama ido. Ka riƙa yawo da ƙaramar rula a jaka, da gaske nake, ka auna sandunan da kanka ka ga ko tsawonsu ya yi daidai da lambobin da aka rubuta a kansu.

Daga yaushe zuwa yaushe

Layin ƙasa yawanci lokaci ne, kuma nan ma akwai aiki. Me ya sa aka fara daga wannan watan ba wanda ya gabace shi ba? In an nuna maka kuɗin da suka shiga asusun ɗan kasuwar hatsi daga Oktoba zuwa Janairu ka ga sun yi sama, ai lokacin kaka ne, ka nemi na shekara uku cur ka gani ko duk shekara haka yake yi. Ka duba tazarar da ke tsakanin kwanakin, wani zanen zaka ga daga 2015 an tsallaka 2019 sannan 2020, 2021, amma an ba su tazara iri ɗaya a takarda, shekara huɗu ta zama daidai da shekara ɗaya. Sai zanen tarawa, wanda kowane wata ake ɗora shi kan na baya, shi wannan ba ya taɓa sauka, ko kasuwa ta mutu layin zai tsaya ne a sama, don haka in aka nuna maka layi yana ta hawa ka tambaya na wata-wata ne ko jimla ce ake tarawa. A shari'o'in kuɗi kuma ka lura ko shiga kawai aka zana ba a zana fita ba, domin naira miliyan 5 ɗaya tak in tana shiga tana fita a harkar saye da sayarwa sau ashirin, a jadawalin shiga za ta fito a matsayin miliyan 100.

Wa ya zaɓi abin da ya shiga

Nan ne zan fi daɗewa, saboda duk na baya ana kama su da rula da natsuwa, wannan kuwa ba ya cikin takardar balle ka gan shi.

A Ingila an yi shari'ar wata nas mai suna Lucy Letby da ke aiki a sashen jarirai na asibitin Countess of Chester, aka shafe kusan wata 10 ana yi, a watan Agustan 2023 aka same ta da laifin kashe jarirai 7 da yunƙurin kashe wasu 6 tsakanin Yunin 2015 da Yunin 2016, aka yi mata ɗaurin rai da rai. Hukuncin yana nan, kotun ɗaukaka ƙara ta ƙi ba ta damar ɗaukakawa a 2024, kuma masu gabatar da ƙara sun kawo wasu hujjojin ba jadawali kaɗai ba, ni ba zan yanke hukunci a nan kan ta yi ko ba ta yi ba. Jadawalin nake so mu kalla. An jera sunayen nas-nas sama da talatin a gefe ɗaya, an jera lokuta sama da ashirin da aka ce jarirai sun mutu ko sun rikice ta hanyar da ake zargi a ɗaya gefen, duk inda nas take bakin aiki sai a sa mata alamar X. Na kowa ɗaiɗai ne a warwatse, nata kuwa layi ne cike tun daga farko har ƙarshe babu giɓi ko ɗaya. Wallahi duk wanda ya kalli wannan takardar gabansa sai ya faɗi.

Amma masana ƙididdiga da dama sun yi ta ƙorafi a kan abu ɗaya, lokutan da ke cikin jadawalin su ne waɗanda ake tuhumarta da su, kuma ai ba za a tuhume ta da abin da ya faru tana gida ba. Kenan layinta dole ya cika, tun kafin a zana an san zai cika. Akwai wasu jariran da suka mutu ko suka rikice a wannan tsakanin waɗanda ba su shiga jadawalin ba. Masu ƙididdiga suna kwatanta wannan da maharbin da ya saki kibiyoyi a bango yadda suka ga dama, sannan ya je ya zana da'ira a inda suka fi taruwa ya ce ku zo ku ga saiti. In ka ɗauki kowace nas mai yawan karɓar ƙarin duti, ka ware munanan abubuwan da suka faru tana nan kaɗai, ka jera su, ita ma layinta zai cika fal.

Holan ta riga ta ɗanɗana wannan. Lucia de Berk nas ce a asibitin yara na Juliana da ke birnin Hague, a 2003 aka ɗaure ta rai da rai, an gaya wa kotu cewa yiwuwar a ce haɗuwar dutinta da waɗannan mace-macen tsautsayi ne kawai 1 ce cikin miliyan 342. Daga baya da masana irin su Richard Gill suka bi diddigin yadda aka tattara bayanan, sai aka gano cewa sanin tana bakin aiki yana cikin abin da ya sa ake kiran mutuwa abin zargi, in ba ta nan sai a ɗauke ta mutuwa ce ta Allah da Annabi a wuce. Har aka nuna cewa a wani ɗakin da ta yi aiki, mutum 6 ne suka mutu cikin shekara uku da take wurin, alhali shekara uku kafin zuwanta 7 ne suka mutu. A Afrilun 2010 kotu ta wanke ta tas, bayan ta shafe sama da shekara 6 a kurkuku har ta samu shanyewar ɓarin jiki a can. Ƙungiyar masana ƙididdiga ta Birtaniya, Royal Statistical Society, ta fitar da rahoto a Satumban 2022 kan irin waɗannan shari'o'i, kuma cikin manyan shawarwarinta akwai cewa wanda zai tantance wace mutuwa ce abin zargi kada ya san wa ke duti a lokacin.

To yaya cikakken jadawali yake? Yana da gida huɗu ne, ba ɗaya ba. Tana nan abu ya faru, tana nan bai faru ba, ba ta nan ya faru, ba ta nan bai faru ba. Ga na gaske daga shari'ar Kristen Gilbert, nas a asibitin tsofaffin sojoji da ke Northampton a jihar Massachusetts ta Amurka. An ƙirga duti 1,641 gaba ɗaya. Tana nan a 257, an yi mutuwa a 40 daga ciki. Ba ta nan a 1,384, an yi mutuwa a 34. Kaga wannan yana da ma'ana, kusan kashi 16 cikin 100 a gefe guda, kashi 2 da rabi a ɗaya gefen, kuma ba a zaɓi mace-macen da suka dace da zargi ba, duka aka ƙirga. Duk da haka alƙalin bai bari an nuna wa masu taya shi yanke hukunci, wato mutanen gari da ake zaɓa su saurari shari'a a can, waɗannan lambobin a lokacin shari'a ba, saboda tsoron kar su ɗauka haɗuwar abu biyu na nufin ɗaya ne ya jawo ɗaya, an same ta da laifi a 2001 da wasu hujjojin daban. Na kawo wannan ne don kar ka ɗauka duk wanda aka zana wa jadawali zalunci aka yi masa, a'a, wani ya aikata ɗin. Magana ita ce in gida ɗaya aka nuna maka cikin huɗun, ka nemi sauran ukun kafin ka buɗe baki.

Ko an cika gida huɗun ma da sauran tambaya. Wanda ya fi kowa ƙwarewa shi ake ba marasa lafiyan da suka fi jin jiki, mai aikin dare daban da mai aikin rana, mai zuwa da wuri ya tashi a makare sunansa zai fito a duti biyu. Wannan ba a asibiti kaɗai ba, in kaya na ɓacewa a sito aka zana maka ranakun da wani mai gadi yake aiki, tambayar ɗaya ce, kwana nawa yake aiki a wata in aka kwatanta da sauran, kuma ranakun da kaya suka ɓace ba ya nan suna ina.

Babbar lamba a saman takarda

In ka ga an rubuta 1 cikin miliyan kaza da manyan baƙaƙe, ka tambayi yadda aka same ta mataki-mataki. Sally Clark lauya ce a Ingila da jariranta biyu suka mutu ɗaya bayan ɗaya, a 1999 likita Roy Meadow ya gaya wa kotu yiwuwar hakan ta faru haka kawai a gida irin nata 1 ce cikin miliyan 73. Ya samo ta ne ta hanyar ɗaukar 1 cikin 8,543 ya ninka ta da kanta, kamar mutuwar wa da ta ƙani ba abin da ya haɗa su, alhali jini ɗaya ne gida ɗaya. Kuma ko lambar daidai ce, ƙarancin faruwar abu ba shi ne yiwuwar rashin laifinta ba, domin uwa ta kashe 'ya'yanta biyu shi ma abu ne mai wuyar faruwa ƙwarai, biyun ake aunawa da juna. An sake ta a Janairun 2003 bayan an gano akwai sakamakon gwajin da ke nuna ƙwayar cuta a jikin ɗanta na biyu wanda ba a bayyana ba, ta rasu a 2007.

Taswira da ƙarfen sabis

Wannan ya shafe mu kai tsaye, saboda yanzu a shari'o'in garkuwa da mutane da fashi bayanan kira na cikin abin da ake kawowa. Za a nuna taswira da ɗigo ja, a ce ga inda wayar take ƙarfe kaza. Abin da takardar kamfanin waya ta ƙunsa a mafi yawan lokuta shi ne wane ƙarfen sabis ne ya ɗauki kiran da kuma wace fuskarsa, ba inda mutum yake tsaye ba. Ƙarfe ɗaya a ƙauye yana iya ɗaukar kira daga nisan kilomita masu yawa, kuma waya ba kullum take kama ƙarfen da ya fi kusa da ita ba, tudu da gini da cunkoson layi duk suna sa ta tsallaka zuwa wani. Saboda haka ɗigon nan a gaskiya fili ne mai faɗi wanda gefensa ma ba a daidai yake ba, in aka zana maka shi kamar yankan kankana mai kaifin baki ka tambaya an je an auna ne ko an ƙiyasta ne a ofis.

A Portland ta jihar Oregon wata mata, Lisa Roberts, ta amsa laifin kisa a 2004 bayan an gaya mata bayanan waya sun ajiye ta kusa da inda aka tsinci gawa, sai a 2014 alƙalin tarayya ya soke hukuncin ta fito bayan kusan shekara 12 a tsare. A Denmark kuma a 2019 hukumomi da kansu suka gano kurakurai a yadda ake sarrafa bayanan waya, wasu layukan suna ɓacewa wajen juya fayil, wasu wayoyin an haɗa su da ƙarfen da ba shi ba, aka ce a sake duba shari'o'i sama da 10,000, aka saki mutum 32, aka dakatar da amfani da irin wannan shaidar na wata biyu. A shari'ar Letby ma masu gabatar da ƙara sun amsa a 2024 cewa bayanan katin buɗe ɗaya daga cikin ƙofofin sashen jariran an juya su a shari'ar da aka gama a 2023, shiga ta zama fita. Kenan tsakanin na'ura da takardar da ke hannunka akwai hannun mutane da yawa, kowanne yana iya kuskure.

Taswirar da aka shafa wa launi kuma faɗin ƙasa take nunawa ba yawan mutane ba. Jihar Neja ta fi kowace jiha faɗi a Najeriya, Legas ta fi kowacce ƙanƙanta, amma a rajistar zaɓen 2023 Legas ce kan gaba da masu zaɓe sama da miliyan 7, Kano na biye da kusan miliyan 6. In a ƙarar zaɓe aka shafa wa ƙananan hukumomin da ake jayayya a kansu ja har rabin taswira ya yi ja, ka nemi adadin ƙuri'un da ke cikinsu.

Launi, kibiya, da kan magana

Akwai zanen da ake sa hoton wanda ake tuhuma a tsakiya, kibiyoyi suna fita daga gare shi zuwa mutane da kamfanoni da asusun banki ta ko'ina. Wanda aka sa a tsakiya shi ido zai ɗauka uban tafiya, alhali da za a sa wani a tsakiyar da bayanan nan dai shi ma haka zai fito. Ka bi kibiyoyin ɗaya bayan ɗaya kana tambaya wannan me take nufi, kira ɗaya ne na sakan goma ko kira ɗari, tura naira dubu biyu ne ko miliyan ashirin, domin a takarda duk kaurinsu ɗaya. Ka karanta kan maganar da aka rubuta a sama, in an rubuta kuɗin da aka karkatar maimakon kuɗin da aka tura, to an riga an yanke hukuncin da kotu ba ta yanke ba, lauya ya tashi ya ƙi amincewa nan take.

Kuma ba ɓangaren gwamnati kaɗai ke wannan ba. A 1987 a Brooklyn ta New York, lauyoyin da ke kare John Gotti, shugaban wani gungun mafiya, sun kawo jadawali mai sunayen shaidun gwamnati 7 da jerin laifuka sama da sittin da shaidun suka taɓa aikatawa, duk inda shaida ya yi laifi an sa X, takarda ta cika da X. Masu yanke hukunci sun nemi a sake kawo musu ita, a watan Maris suka wanke shi. Daga baya an gano an ba ɗaya daga cikinsu cin hanci, don haka ba jadawalin kaɗai ya yi aikin ba, amma dubi dabarar, yawan X ne ya yi magana, ƙaramin laifi da kisan kai duk X ɗaya suka samu.

Abin yi a cikin kotu

A Amurka tun 1 ga Disamban 2024 dokokin shaida na tarayya suka samu sabuwar doka ta 107 wadda ta raba zanen da aka kawo don taimaka wa fahimta da ainihin shaida, ta ce shi ba shaida ba ne kuma ba a shiga da shi ɗakin shawarar masu yanke hukunci sai in ɓangarorin sun yarda ko alƙali ya ga dalili. Mu a Najeriya alƙali ne ke yanke hukunci da kansa, amma alƙali ma ido gare shi irin na kowa. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 shi ya tsara yadda ake karɓar abin da ya fito daga kwamfuta, har da satifiket ɗin da ake haɗawa, kuma Kotun Ƙoli ta tsaya a kansa a shari'ar Kubor da Dickson kan zaɓen gwamnan Bayelsa na 2012. Sai dai ka gane, wannan satifiket ɗin cewa yake na'urar tana aiki yadda ya kamata, bai ce mai zane ya yi adalci wajen zaɓar abin da ya zana ba, kuma lauyoyi da yawa in an ci su a kan sashe na 84 sai su saki jiki kamar magana ta ƙare, alhali karɓar takarda daban nauyin da za a ba ta daban. Sashe na 68 ya ba da damar kiran ƙwararre, sashe na 36 na kundin tsarin mulki kuma ya ba wanda ake tuhuma haƙƙin samun isasshen lokaci da kayan shirya kariyarsa da kuma yi wa shaidun ɗaya ɓangaren tambayoyi, da su za ka nemi ainihin fayil ɗin da aka zana jadawalin daga cikinsa, ba hotonsa ba.

In mai zanen ya hau akwatin shaida, tambayoyin ba sa buƙatar dogon turanci. Kai ka zana da hannunka ko ba ka aka yi? Wa ya ba ka bayanan, duka ya ba ka ko ya tsamo maka? Layi nawa ne a asalin fayil ɗin, nawa suka shiga nan, sauran me ya hana su shiga? Lokacin da kake zaɓa ka riga ka san wa ake zargi? Ka gwada zana shi ta wata hanyar kafin ka tsaya a kan wannan, in ka gwada ina sauran? Wannan ta ƙarshen tana da amfani sosai, saboda da wuya mutum ya zana sau ɗaya ya tsaya, yawanci sai ya gwada kala-kala ya ɗauki wanda ya fi fito da abin da ake so.

Sannan ka zana naka. Lambobinsu dai za ka ɗauka kar ka ƙara ko ɗaya, ka fara sandunan daga sifili, ka faɗaɗa lokacin gaba da baya, ka cika gida huɗun nan, ka cire launi ka bar baƙi da fari, ka ajiye shi gefe da gefe da nasu a girma ɗaya. In bayan duk wannan hoton bai canza ba to jadawalinsu mai gaskiya ne, ka gaya wa wanda kake karewa haka tun da wuri ya san inda ya tsaya. In ya canza, ka shigar da naka ta hannun shaida yadda zai samu lambar eksibit, wato lambar da kotu ke ba hujjar da ta karɓa. Ka kuma tabbatar nasun ya shiga rikodin kotu a yadda aka nuna shi, da launinsa da girmansa, domin in aka je ɗaukaka ƙara fotokwafi baƙi da fari ne ke isa gaban alƙalai, jan da aka shafa wa sunan mutum ya zama toka-toka, su kuma ba za su gane abin da aka nuna a kotun ƙasa ba balle su auna irin tasirin da ya yi.